Zauren Marubuta: Tatsuniya Mai Ɗauke da Imani Don Samari da 'Yan Mata

Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri ɗaya suka nufa: labarin al'ajabi da ake rubuta wa 'yan shekara 13 zuwa 18, mai ƙamshin tatsuniya, wanda kuma addini ke gudana a cikinsa. Mun zaɓi bakwai, mun rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne a Maraɗi. Ɗalibaina na babban aji sun matsa in rubuta musu labari mai Dodo da tsuntsu mai magana, amma mai koyar da addini. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: wannan ba ƙarya ba ce? Yaya zan hana su ƙarya da safe, in shirya musu ita da yamma?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, nan ba zauren fatawa ba ne, kuma malamai sun saɓa a kan ƙagaggen labari: akwai masu ƙyamarsa, akwai masu halatta shi da sharaɗi. Amma ga abin da za ka auna da shi. Maƙaryaci yana so a ɗauka abin da ya faɗa ya faru. Ita kuwa tatsuniya tun daga bakin ƙofa take faɗin sunanta. Mai bayarwa ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su ce "ta zo mu ji ta", a ƙarshe kuma a rufe da "ƙurunƙus", har a ƙara da "ba don gizo ba da na yi ƙarya". Ba yaron da ya taɓa tashi daga gaban kakarsa ya tafi neman gidan Ƙoƙi.

Ka kuma tuna da Maƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, kuma maƙamominsa 50, wato ƙagaggun labaran da ke cikin littafin, a kan wani ɗan duniya Abu Zaid ya gina su, da mai ba da labarinsa Harisu ɗan Hammam. A gabatarwar littafin ya kare kansa da cewa aikinsa daidai yake da labaran da ake sa wa a bakin dabbobi domin a faɗakar.

Inda haɗarin gaske yake shi ne cakuɗa tatsuniya da ƙissa. Kada Annabi, ko mala'ika, ko sahabi ya shigo labarinka ya yi magana da kalmomin da kai ka tsara. Kada wani dattijon cikin labari ya ce "Manzon Allah ya ce" sannan ka biyo da hikimarka, komai daɗinta. Yau shafi ɗaya ake yankewa a tura a WhatsApp ba kai ba gindi, kafin mako ya zagayo ya zama "hadisi" a bakin mutane, kuma ka fi mu sanin gargaɗin da ya zo a kan wanda ya yi wa Annabi (SAW) ƙarya da gangan. In ka kawo hadisi, ya zama ingantacce, ka rubuta inda yake a ƙarshen littafi. A bango kuma ka sa "ƙagaggen labari" da manyan baƙaƙe.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar na sakandare a Gusau. Ina sakin labarina babi-babi a wani zauren WhatsApp. Babi na ɗaya da na biyu ana ta cewa "ci gaba". Da na kai na uku, inda wata tsohuwa ta zaunar da jarumar tana yi mata nasiha, sai na ji tsit. Ƙawata ta ce, "Wa'azi muka zo ji ko labari?" Ni kuma ina son addini ya fito. Yaya zan yi?

AMSA: Ƙanwarmu, ƙawar taki ta yi miki gata. Yi wannan gwaji yau: ki share duk nasihar tsohuwar, ki sake karantawa daga farko. In labarin bai girgiza ba, to addinin liƙa shi kika yi daga waje kamar takardar talla a bango. Wurinsa na gaskiya cikin ƙullin labarin ne, inda in an zare shi komai zai warware.

Bari mu nuna miki da misali, mun ƙaga shi don wannan amsa. Wani gari ne aka yi shekarar fari, mutanensa suka jinginar wa Dodo da inuwarsu ya buɗe musu rijiya. Ruwa ya samu, amma ba mutum, ba itace, ba katanga mai inuwa a garin. Sai ga matsalar da ba wanda ya hango: da inuwa ake gane lokacin salla. Azahar tana shiga in rana ta goce daga tsakiya, la'asar kuma in inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da ɗan abin da ya rage mata da tsakar rana. Ladan ya rasa ma'auni. Mutum ɗaya ne ya tsira, wani yaro Tanko, domin yana ciki lokacin da aka ƙulla cinikin. Tun yana ɗan shekara 7 ake tsayar da shi a farfajiyar masallaci, cikin rana, ladan yana auna inuwarsa da tafin ƙafar yaron, domin tsawon mutum kusan taku bakwai ne na ƙafarsa. Yanzu ya kai 15, ya gaji, sa'o'insa suna kiransa "sandan ladan".

Kin ga har yanzu ba wanda ya yi wa'azi, amma salla ta riga ta zama ƙashin bayan garin.

A tsakiyar littafi mahaifiyarsa ta kwanta ciwo. Dodo ya ce ba ya son inuwar duka, ta kai kaɗai yake so, taku ɗaya tak, ya ba da magani. Tanko ya sayar. Uwa ta warke. Daga ranar inuwarsa ta gajarce, ladan kuma tsoho ne, idonsa ya yi rauni, yana jira sai ta cika ma'auni kamar kullum, don haka kowace rana a makare ake kiran la'asar, garin duka yana salla a kan ma'aunin da aka ha'inta. Duk duniya Tanko kaɗai ya sani. Ana yi masa addu'a, ana kawo masa fura, ana cewa Allah ya yi masa albarka, shi kuwa kowace albarka kamar garwashi take sauka a kansa. Zai faɗa, ya rasa mutuncinsa, uwarsa kuma ta san da me aka sayi lafiyarta? Ko zai yi shiru? Babu mai ajiye littafi a wannan gaɓa, kuma duk abin da tsohuwarki take son faɗa game da amana da tuba yana nan ciki.

Ga yadda ake gina irin wannan. Da farko ki ɗauki mas'ala ɗaya ƙarama, kada ki ce jigonki "addini" ne gaba ɗaya: amana, ko hassada tsakanin 'yan uba, ko yarda da ƙaddara bayan rashi. Sannan ki nemo abin al'ajabin da zai sa a ga mas'alar da ido, kamar yadda guntuwar inuwa ta sa aka ga ha'inci. Na uku, wanda marubutanmu suka fi tsoro, ki bar jarumarki ta faɗi. Yarinyar da ba ta taɓa makara a asuba ba, ba ta taɓa jin haushin kowa ba, ba ta da abin da za ta koya, mai karatu kuma ba zai ga kansa a jikinta ba. Faɗuwar ta zo wajen rabin littafi, kuma dalilinta ya zama wanda mai karatu zai ce "ni ma da zan iya". Bayan nan gyara ya ci mata wani abu da take so. Tuban da bai ci ko sisi ba, ba ya ratsa kowa.

Tsohuwar ba sai kin kore ta ba. Ki rage mata baki: kada ta wuce jimla uku a zama ɗaya, ta faɗe su tana wani aiki, tana kaɗi ko tana tsince wake, kuma ta faɗe su tun kafin jarumar ta gane ma'anarsu. Sai babi goma sun wuce maganar ta dawo mata.

TAMBAYA: A labarina duk lokacin da mugun boka ya turo rundunarsa, jarumin yana karanta Ayatul Kursiyyu sai su ƙone. Yayana ya ce tun daga faɗa na biyu ya san yadda sauran za su ƙare. Amma ai ba zan nuna aya ta gaza ba. Ina mafita? (Daga wani matashi a Zangon Kumasi)

AMSA: Ɗan'uwa, ka shiga tarkon da ya fi kama masu irin wannan rubutu, kuma ɓarnarsa biyu ce. Ta fuskar labari, jarumin da ke da makamin da ba ya kuskure ba a jin tsoro dominsa. Ta fuskar aƙida abin ya fi muni: ka mai da aya tamkar laya, a karanta ta yi aiki nan take kamar an danna kunamar bindiga. Yaron da ya tashi da wannan hoto, ranar da ya yi addu'a mahaifinsa bai tashi daga jinya ba, me zai ce a ransa?

Mafita ita ce ka canza irin yaƙin. Dubi hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari, lokacin da aka sa shi gadin abincin zakka: wani ya zo yana ɗiba dare uku a jere, ana kama shi yana magiya, a dare na uku ya koya masa karanta Ayatul Kursiyyu in zai kwanta, Annabi (SAW) kuma ya ce ya faɗi gaskiya alhali shi maƙaryaci ne, Shaiɗan ne. Abin da aka yi alkawari a nan tsari ne. Ba a ce wani zai kama da wuta ba. Ka kuma duba Suratu Ibrahim aya ta 22, inda Shaiɗan yake cewa ba shi da wani iko a kan mutane face ya kira su sun amsa. Wannan aya ita ce mafi kyawun tsarin mugun labari da za ka samu. Bokanka ba ya iya taɓa yaron da ƙarfi matuƙar yana cikin tsari, saboda haka sai ya bi ta ciniki, ta alkawari, ta tsoratar da shi a kan ƙanwarsa, har yaron ya buɗe ƙofa da hannunsa. Ayar ba ta gaza ba, yaron ne ake jin tsoron zai gaza.

Sai ka lura da yadda addu'a ke karɓuwa a labarin. Ta zo ta hanyar sababi, a makare, ko a siffar da jarumin bai roƙa ba. A misalin Tanko na sama, ana iya warware ƙullin haka: a ƙasar Hausa akwai kwanaki biyu a shekara, a wajen Kano ɗaya a Afrilu ɗaya a Agusta, da rana ke tsayawa daidai saman kai, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Ladan ya koya masa wannan tun a babi na biyu, yana gyangyaɗi bai kula ba. Bayan ya tona asirin kansa a gaban jama'a, sai ya ƙulla da Dodo: ka zo rana kaza da tsakar rana ka ɗauki sauran inuwata, in ka kasa ka mayar da ta kowa. Ya yi addu'a, ya kuma yi lissafi, bai kuma da tabbacin lissafin ya yi daidai sai da lokacin ya yi. Ɗaure raƙumi da tawakkali ke nan a wuri guda.

TAMBAYA: Me aljani zai iya yi a labari, me ba zai iya ba? Na ga wasu suna sa shi ya faɗi abin da zai faru shekara goma gaba. (Wata marubuciya daga Zariya)

AMSA: Malama, aljani ba kamar Gizo ba ne da za ki juya shi yadda kika ga dama, domin mai karatunki ya yi imani da samuwarsa, kuma nassi ya shata masa iyaka. An halicce shi daga harshen wuta (Rahman, 15). Yana ganinmu ta inda ba ma ganinsa (A'araf, 27). Akwai masu ƙarfi da sauri, kamar ifiritun da ya ce zai kawo gadon sarautar sarauniyar Saba kafin Annabi Sulaiman ya tashi daga mazauninsa (Namli, 39). A cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba (Jinni, 11). Amma gaibu bai sani ba: Suratu Saba'i aya ta 14 ta nuna aljanu suna ta wahalar aiki ba su san Annabi Sulaiman ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa. To aljanin da ke karanto shekara goma masu zuwa daki-daki kuma komai ya tabbata, ya saɓa wa wannan. In kina son annabcin ƙarya a labari, ki sa ya haɗa gaskiya ɗaya da ƙarya da yawa, mutane su riƙe ɗayar su manta sauran. Haka bokaye suke cin kasuwarsu.

Ki kuma yi hattara da aljani mai yi wa jaruma hidima. Tsofaffin littattafanmu na gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, sun shiga duniyar aljanu hankali kwance, amma mai karatun yau ya fi sa ido, kuma aya ta 6 ta Suratul Jinni ta yi maganar mutanen da ke neman tsari da aljanu suka ƙara musu wahala. Littafin da ke cewa yana koyar da tauhidi, jarumarsa kuma tana kiran aljani ya fitar da ita daga kowane rami, ya kwance da hagu abin da ya ɗaura da dama.

Shawararmu mai sauƙi ce. In kina bukatar halittar da za ta yi abin da ba a san aljani da shi ba, kamar karɓar jinginar inuwa, ki ɗauko Dodo, ko ki ƙagi wata dabba ki raɗa mata suna. Dodo ba ya cikin littafin aƙida, ba mai tuhumarki a kansa. Sunayen iskokin bori kuwa, su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna, da birninsu Jangare, ki bar su sai in labarin a kansu yake. Suna shigowa da kayansu, iyaye da yawa kuma daga ganin sunan za su karɓe littafin daga hannun yaro.

TAMBAYA: Na so in rubuta mai kama da tatsuniya, sai ya koma littafin yaƙi: sadaukai, dakaru dubu ɗari, kawuna suna ta shawagi. Me ke kawo ƙamshin tatsuniyar? (Daga Katsina)

AMSA: Malam, tatsuniya ƙaramar ƙwarya ce. Mutanenta ba su cika wuce biyar ba, abin da ake nema kuma ɗan ƙanƙane ne: cokalin da ruwa ya tafi da shi, zoben da aka ba da amana, ƙanin da aka bari a gindin kuka. In ka ga kana ƙirga dakaru, ka riga ka fita daga gidanta.

Abubuwan da ke riƙe ta kaɗan ne, kuma duk ka san su tun kana yaro. Akwai hani: kada ka buɗe ɗaki na bakwai, kada ka waiwaya, kada ka ci abincin garin. Ka kafa shi a babi uku na farko, a karya shi a tsakiya. Akwai maimaici sau uku, amma kowane zagaye ya fi na baya tsada. In na biyu daidai yake da na farko, ka yanke shi. Akwai ƙaramin alheri da ake yi ba don komai ba, a cuɗa wa tsohuwa baya ko a raba wa tururuwa guzuri, ya dawo da riba can gaba. Nan ne tatsuniya da addini suka fi haɗuwa ba tare da an tilasta ba, sai dai ka kiyaye tarkon 'yar bora da 'yar mowa, inda mai kirki take samun dukiya, marar kirki ta samu kutare da ƙudaje. Ɗan shekara 8 zai gamsu da wannan. Ɗan shekara 16 ya riga ya ga mutanen kirki suna shan wuya a unguwarsu, don haka sakamakon jaruminka ya zama irin wanda zai yarda da shi, ko da bai zo da raƙuma ba.

Kada ka sa shekara, kada ka sa sunan ƙasar da ke taswira. "Wani gari a bayan dutse bakwai" ya isa. Jimloli su zama gajeru, masu daɗin faɗa da baki. Sannan waƙa, wadda yawancin masu rubutu yanzu suka yar. Baiti huɗu sun isa, a rera sau uku, layin ƙarshe yana canzawa:

Inuwa, inuwa, ina za ki?
Za ni gabas, rana ta juya.
Inuwa, inuwa, wa ya saye ki?
Ba mai saye na, ni ta Tanko ce.

A karo na biyu layin ƙarshe ya koma "Dodo ya sai kai, ya bar wuya", yara suna rerawa a dandali ba su san abin da suke faɗa ba, shi kuma yana wucewa yana ji.

TAMBAYA: Salama. Ina koyar da matasa a majami'armu a Jos, yawancinsu Hausa suka fi ji. Ina so in rubuta musu irin littattafan Narnia. In sa wani zaki ko sarki ya tsaya a matsayin Yesu? 

AMSA: Salama, 'yar'uwa. Hanya biyu ce a adabin Kirista na Ingila, kuma gara ki san wadda kika ɗauka. Ta John Bunyan, a littafinsa The Pilgrim's Progress na 1678, ita ce kowane mutum da kowane wuri yana wakiltar abu ɗaya, har sunansa yana faɗa. Ta C. S. Lewis, mai littattafan Narnia bakwai da suka fito daga 1950 zuwa 1956, daban take: shi da kansa ya ce Aslan, zakin da ke cikin littattafan, ba wakilci ba ne, tambaya ce ya yi, a ce akwai wata duniya, da wace siffa Almasihu zai zo mata? Ta farko tana da sauƙin koyarwa a aji, amma matashi yana gano ta a shafi na biyar, daga nan ya daina karanta labari ya koma duba amsa. Ta biyu ta fi wuya, ta fi daɗewa a rai.

In kin bi ta biyu, kada ki ɗauko zaki, an riga an yi. Kuma wanda kika zaɓa a madadin zakin ya fito kaɗan, sau uku ko huɗu a littafi duka. In yana nan kullum yaran labarin ba su da abin yi. Ki koma ga misalan Linjila ki ga yadda aka gina su. Na Basamariye a Luka 10 da na ɓataccen ɗa a Luka 15 ba su da dogon sharhi a ciki, na biyun ma ya tsaya ba a faɗa mana ko babban wan ya shiga gidan biki ba. Ki lura kuma da kalmomi. Allah, addu'a, gafara, alheri, duk Musulmi da Kirista suna amfani da su a Hausa, amma "alheri" da "ceto" suna da nauyi na musamman a majami'a wanda maƙwabcinki ba zai ji ba sai labarin ya nuna masa. Tunda littafi ba ya zaɓar hannun da zai faɗa, kada mugun labarinki ya sa tufafin addinin maƙwabta. Wannan gargaɗi ya hau kan marubuta Musulmi daidai wa daida.

TAMBAYA: Na gama rubutu a waya. Tsawon nawa ya kamata ya kai, kuma me zan kiyaye kafin in kai maɗaba'a? Akwai 'yar soyayya a ciki. (Daga Kano)

AMSA: Ga 'yan wannan shekaru muna ba da shawarar kalma 25,000 zuwa 35,000, a babi 20 zuwa 24, kowanne kalma 1,200 zuwa 1,500. Babi irin wannan kusan minti goma yake ci in an karanta a bayyane, wanda ya dace da waya, ya kuma dace in za a mai da shi sauti. Abin al'ajabi na farko ya bayyana kafin babi na ɗaya ya ƙare. Soyayya ba laifi, 'yan shekara 16 ba duwatsu ba ne, amma ta tsaya a gefe: kallo, kunya, aike ta hannun ƙani. Da zarar ta karɓe ragamar labari ya koma wani nau'in littafi, makarantun da kake fatan su saya kuma za su janye.

Kafin bugu ka tara matasa biyar waɗanda ba 'yan gidanku ba, ka karanta musu babi uku da baki. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ka sa alama a duk inda wani ya lalubi wayarsa. Sannan ka ba wani malami ya duba ayoyi da hadisai kaɗai, wani kuma ya duba ƙa'idar rubutu, musamman raba kalma irin "ya na" da "yana", da "sune" da "su ne".

Shafin A5 da baƙaƙe masu girman 12 yana ɗaukar kalma 250 zuwa 280, don haka kalma 30,000 za su ba ka shafi 107 zuwa 120. Maɗaba'a tana naɗe takarda shafi 16-16, saboda haka ka nufi 112 ko 128. In ka tsaya a 115 za ka biya kuɗin fararen shafuka. Baƙaƙe masu lanƙwasa su ne suka fi ɓata aiki: rubutun da ya fito daidai a wayarka yana iya komawa akwatuna a kwamfutar mai bugu, musamman manyan Ƙ da Ɗ da Ɓ. Ka mai da shi PDF da kanka, ka nemi a buga maka gwajin shafi 16 ka duba da ido kafin a saki inji. In kana son kasuwar Nijar, ka san cewa can ƴ suke rubutawa inda muke rubuta 'y. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bango, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, tunda kuma a Kano za ka sayar, ka leƙa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jiha ka ji ƙa'idarsu tun kafin ka kashe kuɗin takarda.

Abu na ƙarshe: kada ka buga ayoyi da Larabci a cikin littafin. Ka rubuta ma'anarsu da Hausa, ka ambaci sura da lambar aya. Littafin labari yana yawo daga hannu zuwa hannu, bango ya cire, a shiga da shi ko'ina, ƙarshensa kuma sau da yawa a teburin mai ƙosai ne, ana yage shafi ana ƙunshe na naira ɗari.